Saƙon Godiya Bayan Taron Tunawa da Fina-finan Filifin Marasa Sauti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron da mu ɗalibai muka shirya a birnin Manila domin tunawa da farkon sinima a ƙasar Filifin ya gudana lafiya, kuma ya zama wajibi in miƙa godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyinsa.

Godiyata ta farko ga malaminmu na tarihin fim, wanda ya faro bayaninsa daga 1897, lokacin da aka fara haska majigi a titin Escolta a ƙarƙashin mulkin Sifaniya, ya biyo ta kan fina-finai biyu da Amurkawa suka shirya a 1912 game da gwarzon ƙasar José Rizal, har ya kawo mu ga José Nepomuceno. Shi wannan bawan Allah mai ɗaukar hoto ne, ya kafa kamfanin Malayan Movies a 1917, sannan a ranar 12 ga Satumba, 1919, ya fitar da Dalagang Bukid, fim na farko da ɗan ƙasar ya shirya da kansa. Allah ya ƙara wa Malam ilimi.

Amma waɗanda suka fi taɓa zuciyata su ne ma'aikatan ɗakin adana kayan tarihi. Fim ɗin Nepomuceno ya ɓace, haka ma kusan duk fina-finan wancan zamani, domin faifan da ake amfani da shi a lokacin yana saurin kama wuta, zafi da laima suna cinye shi, sannan yaƙin 1945 ya ragargaza Manila. Abin da ya rage shi ne tallace-tallacen jaridu da 'yan hotuna, kuma na ga yadda wata dattijuwa a cikinsu ta sanya safar hannu kafin ta ɗaga wata takardar talla da ta koma ruwan ƙasa, tana buɗe ta a hankali don kada gefenta ya kakkarye. A ganina, irin wannan aiki bai samun yabon da ya cancanta.

Ina kuma gode wa makaɗa da mawaƙiyar da suka tsaya kusa da allo suna raka hotunan da sauti, kamar yadda tauraruwar Dalagang Bukid, Atang de la Rama, ta riƙa rera waƙa da bakinta a gidan sinima yayin da ake haska shi.

'Yan'uwana ɗalibai da kuka jera kujeru kuka kuma share zauren bayan an tashi, da duk wanda ya halarta, Allah ya saka muku da alheri.