Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shirin da Ake Yi Kafin Ciki Ya Shiga

A makon jiya labarin 'yar'uwarmu ta Tudun Wadan Zariya ya tsaya inda likita ya gaya mata cewa kurumtar da ke lallaɓo mata da ciwon sukarinta tushensu ɗaya, wato ciwon mitokondiriya. Yau za mu ɗan ajiye labarin, mu yi bayanin abin da mace irinta za ta yi tun kafin ta ɗauki ciki.

Mitokondiriya su ne ƙananan injinan da ke samar wa jiki ƙarfi, kuma ƙwayar halittarsu daga uwa kaɗai ake gadonta. Sai dai yawan gurɓatattun da kowane ɗa zai ɗauka ya bambanta, shi ya sa uwa ɗaya ke haifar lafiyayye da mara lafiya. Akwai kuma wani nau'in ciwon da ake gada daga uwa da uba tare, wanda auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. A irin wannan, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Wata uku kafin a ajiye tsarin iyali, ta je babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika, a yi mata hoton zuciya, a auna sukari da aikin ƙoda. Ta fara shan folik asid, bitamin da ake bai wa masu ciki, maikirogiram 400 kullum. Mai sukari ko farfaɗiya akan ba ta miligiram 5, amma wannan adadin yana rage ƙarfin Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wajen awo, don haka ta faɗa wa masu awon.

Ta tattara duk magungunanta a leda ta kai wa likita, har da na kemis. Valproate na farfaɗiya yana lalata halittar jariri, yana kuma iya taɓa hantar mai wannan ciwo. Metformin, maganin sukari, na iya tara sinadarin laktik asid a jini. Allurar gentamicin kuwa, ta kashe ƙwayoyin cuta, tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Amma don Allah kada ta daina komai da kanta, sai an canza mata.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne laulayi. Mace ta kwana biyu tana amai, ko kunu bai zauna ba, ana ce mata ta daure, ai kowa haka ta yi. Jikin mai wannan ciwo kuwa ba shi da ajiyar ƙarfi. Yini guda cikinta bai riƙe komai ba, a kai ta a sa mata ƙarin ruwa mai sukari ana auna jininta. Zazzaɓi ma kada a bar shi ya kwana, azumi kuwa addini ya yi mata rangwame.

Hawan jini na ciki da haihuwar bakwaini sun fi yawa a irinsu, saboda haka haihuwa a asibiti za a yi, da takardar likita a jakarta.

Mako mai zuwa za mu ji yadda aka kwashe ranar da ta kai wa uwar mijinta wannan bayani.