Abin da yarjejeniyar Antatika ta koya min a Samaru

Ranar da aka raba mana maudu'in semina, ni aka ba siyasar yankunan ƙanƙara, wato Aktik can ƙuryar arewacin duniya da Antatika a kudu. Gaskiya raina bai so ba don da niyyar rubutu kan Tafkin Chadi na shigo. Na bi malaminmu har ofis na ce Malam don Allah a canza min, mu da ƙanƙarar da muka sani ita ce ta masu zoɓo sai wadda kan zubo da ruwan farkon damina. Ya ce je ka karanta yarjejeniyar Antatika ta 1959, sashe na huɗu kaɗai, in ka gama ka dawo mu yi magana.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Samaru, na shiga laburaren Kashim Ibrahim da rigar sanyi na zauna kusa da taga. Sashen bai cika shafi ɗaya ba amma sai da na maimaita shi ya fi sau biyar. Ƙasashe bakwai ne suka ce suna da yanki a Antatika, Birtaniya, Faransa, Norwe, Ostireliya, Niyu Zilan, Ajantina da Chile, kuma na Birtaniya da Ajantina da Chile ma hawa kan juna suka yi, ga Amurka da Tarayyar Sobiyat a gefe sun ƙi yarda da iƙirarin kowa, kuma a tsakiyar yaƙin cacar baki ake. Ƙasashe 12 suka zauna a Washinton, abin da suka cimma shi ne ba wanda zai janye maganarsa, ba wanda za a tilasta ya amince da ta wani, kuma ba sabon iƙirari muddin yarjejeniyar na aiki. Wato ba su raba gardamar ba, ajiye ta suka yi. Suka hana sansanin soja da gwajin nukiliya, suka yarda kowa na iya shiga tashar binciken ɗan'uwansa ya duba me ake yi. A 1991 a Madrid aka ƙara da hana haƙar ma'adinai.

Wallahi gonar kakanmu ce ta faɗo min a rai. Bayan rasuwarsa baffanninmu biyu suka ja daga kan wata fadama, kowa ya ce shi aka ba tun yana raye, har gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen. Wani dattijo a dangi ya tara su ya ce kowa ya riƙe maganarsa, ba a ce wani ya yi ƙarya ba, amma ba mai sayarwa ba mai kafa shinge, a ci gaba da noman rani tare a raba tumatir da albasa. Ina yaro a lokacin na ɗauka tsoron faɗin gaskiya ne ya sa shi haka. Shekaru aka yi lafiya lau. Sai da gari ya matso, masu yanka fuloti suka fara zuwa da kuɗi a mota, sannan maganar ta dawo ɗanya.

To Aktik ita ce fadamar da masu fuloti suka riga suka iso. Teku ce da ƙasashe suka kewaye, kuma da mutane a wurin, irin su Inuwit da Sami. Ɗumamarta ta kusa ninka ta sauran duniya sau huɗu tun 1979, ƙanƙara na ja da baya, hanyar jiragen ruwa ta gefen Rasha na buɗewa, ga mai da gas a ƙasa. A 2007 Rasha ta tura ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ya dasa tutarta a ƙasan teku daidai ƙuryar arewa, a 2018 Sin da ba ta da ko taku ɗaya a yankin ta kira kanta maƙwabciyar Aktik, Trump kuma tun 2019 yake maganar sayen Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke yankin. Majalisar Aktik da ƙasashe takwas suka kafa a 1996 da gangan ta cire batun soja daga aikinta don a samu a zauna, amma da Rasha ta shiga Yukiren a 2022 sauran bakwai suka dakatar da zama da ita, alhali kusan rabin gaɓar tekun nata ne, ta ya za ka fahimci narkewar yankin ba tare da ita ba?

Abin da ya fi tsaya min shi ne yarjejeniyar kifi ta 2018. Rasha, Amurka, Sin, Japan, Tarayyar Turai da wasu biyar suka yarda ba mai kamun kifin kasuwanci a tsakiyar tekun Aktik har shekara 16, tun ba wanda ya jefa koma ko ɗaya a wurin. Icce tun yana ɗanye suka tanƙwara, kafin wani ya ɗanɗana ribar.

Abin da ya dame ni kuma, a duk Afirka ƙasar Afirka ta Kudu kaɗai ke da kujera a teburin Antatika, alhali narkewar ƙanƙarar yankunan biyu ta shafe mu, ta Girinlan kaɗai in ta narke duka teku zai tashi kusan mita bakwai, kuma Legas da Fatakwal a bakin ruwa suke.

Ranar seminar wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ko hanin haƙar ma'adinai a Antatika zai ƙare a 2048. Na ce ba ƙarewa zai yi ba, daga shekarar ne dai wata ƙasa ke iya neman a zauna a sake duba shi. Da muka fito Malam ya tsayar da ni a baranda ya ce yanzu koma kan Tafkin Chadin naka, ka ɗauko takardar 1964 da ta kafa hukumar tafkin, ka duba me suka raba, me suka ajiye.