Hawan Tubkal daga Yamai: yadda muke tsara tafiyar

Abin da ke riƙe da ofishinmu a Yamai tikitin Umra ne da na ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin. Amma akwai wani ɗan reshe da na fi jin daɗinsa, ko da yake ribarsa ba ta taka kara ta karya ba: shirya wa mutane tafiyar ƙasa ta kwanaki a duwatsun Atlas na Maroko, har ƙololuwar Tubkal mai tsayin mita 4,167, wadda ta fi kowane dutse a arewacin Afirka.

Da can zagayen dutsen Mon Blan ake tambaya, hanyar nan mai kusan kilomita 170 da ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a nan a farkon 2024 neman biza ya zama aiki ja, sai muka karkata Maroko. Jirgi zuwa Kazablanka, jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, mota zuwa ƙauyen Imlil. Wannan duk mai sauƙi ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. Mutumin Yamai kilomita yake ƙirgawa, don garinmu a shimfiɗe yake. Wani Alhaji ya duba takardar shirin ya ce, "Malam, kilomita goma da ɗoriya ne za a ɓata wa yini guda? Ni da nake zuwa gona da ƙafa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duba wannan layin." Imlil tana wajen mita 1,740, masaukin da ake kwana a gindin ƙololuwa kuwa mita 3,207. Hawan kusan mita 1,500 ke nan, kuma wanda bai saba ba da ƙyar yake wuce mita 300 a awa. Awa biyar ko shida, ban da hutu da salla.

Shi ya sa ba na sayar da tafiyar kwana biyu da ake tallatawa a intanet. Daga mita 2,500 iska takan fara yi wa jiki kaɗan, ciwon kai da tashin zuciya su biyo baya, in abin ya yi tsanani maganinsa saukowa. Mu mukan kwana a Imlil, mu zaga ta kwarin Azzaden, jiki ya saba kafin ranar ƙololuwa. Kuɗin ya fi yawa, wasu sukan tafi wani wuri, ban hana su ba.

Sai sanyi. Kowace mita dubu zafi yana raguwa da kamar digiri shida, ga iska a kai. Rigar sanyi mai kauri da safar hannu ana samunsu a wajen masu bosho a kasuwar Katako, amma takalmi dole a saya da wuri, a dinga hawan tuddan Trois Sœurs da shi a ƙetaren kogi har ya bi ƙafa.

Ɗan jagora wajibi ne, jandarmomi na duba fasfo a hanya, alfadari kuma yana kai kaya har masauki ya tsaya nan. Abinci ba a fargabarsa, halal ne. Ranar hawa tun kafin asuba ake fita da fitila a goshi. Kullum ina barin kwana guda a Marrakesh kafin jirgin dawowa, saboda hadari yakan hana hawa, canza tikiti kuma ya fi kuɗin otal tsada.