Abin da na gani a aikin rajistar masu zaɓe a unguwarmu

Yawancinmu sai ranar zaɓe muke tunawa da INEC, hukumar zaɓe ta ƙasa, wannan ya ce ta kyauta wancan ya ce an yi maguɗi. Ni dai tun da na shiga aikin sa kai na taya ƴan unguwarmu yin rajista a 2021 da 2022 na gane cewa babban kaso na zaɓe ana gama shi ne tun ba a buga takardar ƙuri'a ba, a wajen rubuta sunaye da raba rumfuna da shata mazaɓu.

Unguwarmu a ƙaramar hukumar Ungogo take, irin unguwannin nan na bakin Kano da a da gonaki ne, yanzu gida a jikin gida. Kusan dukkanmu tasowa muka yi daga cikin gari, wani daga Dala, wani Gwale, wani Fagge, katin kowa kuma yana can tsohuwar unguwarsa. Ranar zaɓe ga dokar hana zirga-zirgar ababen hawa, to dattijuwa ko mai goyo ta yaya za ta taka har cikin gari ta bi layi ta dawo? Sai ta haƙura kawai.

A 2021 hukumar, lokacin Farfesa Mahmood Yakubu, ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, karo na farko ke nan tun 1996. Farfesa Jega, shugaban hukumar kafin shi, ya so ƙara dubu talatin a 2014 amma aka yi caa a kansa cewa Arewa ce za ta kwashi kaso mafi tsoka, dole ya jingine maganar. To a wannan karon mu ma mun samu sabuwar rumfa a ƙofar wata firamare, sai dai rumfa ba ta da amfani in babu sunaye a cikinta, kuma hukumar ba za ta bi ka gida ta tambaye ka ko ka tashi ba, kai ne za ka nemi a yi maka tiransifa. Shi ya sa da aka buɗe rajista a ƙarshen watan Yuni na 2021 muka samu mai unguwa, muka ce Baba a ba mu izini mu riƙa zama a dakalin masallaci bayan la'asar da wayoyinmu, ya ce Allah ya yi albarka, har ya sa liman ya yi sanarwa.

Aikin namu bai wuce mu shiga shafin hukumar a intanet mu cike wa mutum bayanansa ba, in sabo ne ya tafi ofis a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, in mai sauya rumfa ne mu ɗora hoton tsohon katinsa. Wajen ɗaukar yatsun nan kuwa sai da haƙuri. Akwai wani dattijo magini da na raka, siminti ya cinye zanen yatsunsa, jami'ar ta goge masa hannu ta danna, na'ura ta ƙi, ta ce Baba ɗan murza yatsan a goshi ya samu maiƙo, ya murza ta sake dannawa yatsa bayan yatsa har ta karɓa. Mata kuwa muka riƙa roƙonsu su ɗan jinkirta ƙunshi sai sun dawo.

Abin da ya fi cin mu shi ne masu sake rajista. Mutum katinsa ya ɓata ko ya karye, ko sauyin gida ya yi, sai ya je ya ce bai taɓa yi ba don a ba shi sabo, a ganinsa ya fi sauƙi. Mun yi ta faɗa cewa kwamfuta tana gwada yatsu da fuska, ta biyun sokewa za a yi, wasu suka ji wasu suka ce ai Najeriya ce. Da aka rufe rajista ranar 31 ga Yulin 2022 aka tace, sama da miliyan 2.7 hukumar ta soke a faɗin ƙasa, cikinsu har da maƙwabtana da suka wuni a rana suka tashi a tutar babu. Haka kuma na ga wani mai neman takara yana kwaso matasa a motoci daga wata mazaɓa a yi musu rajista a tamu, wallahi abin ya ɓata min rai, don mutumin da ba ya shan ruwan unguwar nan shi zai zaɓa mana wakili.

Maganin irin wannan doka ta tanade shi, wato lokacin da ake liƙe sunaye don jama'a su duba su yi ƙorafi, an yi shi a watan Nuwamban 2022. Na je na tarar da takardu a jikin bango iska na kaɗa su, ba kowa sai yara. Da na bi layi-layi na ga sunan mutanen da ni da kaina na halarci jana'izarsu, ga hoton wasu da ko makaho ya shafa ya san ba su kai sha takwas ba. Jami'in hukuma bai san wanda ya rasu a lungunmu ba, mu ne muka sani, in ba mu cike takardar ƙorafi ba sunan yana nan daram cikin mutum miliyan 93.4 da aka shiga zaɓen 2023 da su. Kuma da wannan rajistar dai ake zaɓen ciyaman da kansila, duk da cewa hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi.

Maganar shata mazaɓu kuwa ita ce har yanzu take ci min tuwo a ƙwarya. Ungogo da Minjibir ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su, bisa rabon da aka yi tun 1996 lokacin soja, alhali wanda duk ya san Rijiyar Zaki ko Bachirawa a wancan lokaci ya san yanzu wata duniya ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa INEC sake duba mazaɓu, ya ce kada tazarar ta gaza shekara goma, ya ba ta damar gyara bayan ƙidaya, an kuma yi ƙidaya a 2006 amma kujeru 360 na majalisar wakilai suna nan yadda aka raba su. Dalilin a fili yake, duk gyaran da hukumar ta yi sai majalisun tarayya biyu sun amince, wato waɗanda za a taɓa wa kujera su ne za su sa hannu. Kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Uwais tun 2008 ya ba da shawarar a kafa hukuma ta daban don wannan aiki, a kuma rage hannun shugaban ƙasa wajen naɗa shugaban INEC, ba a yi ko ɗaya ba.

Da aka sake buɗe rajista a watan Agustan 2025 mun koma dakalin, amma wannan karon mun raba aiki: wasu na cike wa mutane bayanai, wasu kuma sun zauna da mai unguwa da limamai suna rubuta sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi, don ranar da za a liƙe sunaye mu je da jerinmu a hannu.