Duwatsun da na sa aka kwashe

A Marwa ta arewacin Kamaru na tashi, inda gona shimfiɗaɗɗen fili ce har iyakar ganinka. Da na gama karatun aikin gona, sai aka tura ni wani ƙauye a duwatsun Mandara, tsakanin Koza da Mokolo, in taya wata ƙungiyar mata kafa lambun haɗin gwiwa. Yawancinsu 'yan ƙabilar Mafa ne, sai matan Hausawa 'yan kasuwa ƙalilan. Da Fillanci muke magana, in ta cije Hajiya mai ƙosai ta yi mana tafinta.

Filin da aka ba mu gangare ne, an jera masa duwatsu hawa-hawa kamar matakala, wasu sun zube. Ni da takardata a hannu na ce a kwashe, a ja dogayen kunyoyi a miƙe. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka taɓa yin damina a nan?" Na ce a'a, Inna. Ba ta ƙara ba, ta ɗauki kwandonta.

Ruwa ɗaya aka yi mai ƙarfi a watan Yuli. Da safe muka tarar da takinmu da irin kuɓewa da na yakuwa duk sun gangara rafi, sai tsakuwa. Gonar maƙwabci kuwa, wadda jerinta ke nan daram, ko gezau.

Sai a lokacin na tsuguna na dubi aikin. Ba a sa wa duwatsun nan laka ko siminti, don haka ruwa na tsiyaya ta tsakaninsu a hankali, ƙasa kuma ta tsaya a baya, ta yi ta taruwa har ta yi kauri. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi an mayar da waɗanda suka faɗi. Takin ma daga gida yake fitowa: tokar murhu, kashin awaki, da na bijimin da Mafa ke turkewa a ɗaki shekara da shekaru saboda bikinsu na Maray. Sukan kuma yi dawa bana, gero baɗi, da wake a tsakani. A makaranta mun karanta wannan da dogon Faransanci, na ma ci jarrabawarsa, amma da na gan shi a ƙasa ban gane shi ba. Wannan ya fi asarar irin ba ni kunya.

Da rani muka koma bakin rafi don albasa, wadda kowa ya san Koza da ita. Nan ma na yi tuntuɓe. Na ce fage ɗaya, aiki tare, kuɗi a raba. Kafin wata guda ban ruwa ya zama rigima: wannan ta je biki, waccan ɗanta ba lafiya. Hajiya ta ce, "Malam, ba wa kowa fangalinta, rijiya da shinge su zama na kowa." Haka aka yi, faɗa ya mutu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a kan guga.

Da bazara ta yi, gayya muka kira don mayar da jerin. Kwana tara muna ɗauko duwatsun da na sa aka zubar cikin kwana biyu. Inna ce ke nuna inda kowanne zai zauna, ni kuwa miƙo mata nake yi.