Hoton Baba a bakin Bahar Maliya, da hujjar masu shafin ba'a

Sana'ata ɗaukar hoto ce a nan Jidda, kuma mafi yawan waɗanda nake yi wa aiki 'yan uwanmu Hausawa ne, mazauna da baƙin da suke zuwa Umra. A azumin da ya wuce wani abokina ya kawo mini mahaifinsa, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai wanda bai taɓa ganin teku ba, muka kai shi bakin Bahar Maliya gab da shan ruwa. Da ya tattare babbar rigarsa ya tsoma ƙafa a ruwa, sai ya tsaya baki buɗe yana tasbihi, ni kuwa na ɗauke shi a wannan hali. Na nuna masa na ce, "Baba, ka yarda in sa shi a shafina?" Ya ce, "Sa mana, ɗana, jikokina su gani."

Ba a yi wata guda ba sai ga hoton a wani shafin barkwanci na intanet wanda kuɗin talla ne abincinsa. Sun yanke sunana da ke gefen hoton, sun rubuta a samansa cewa baƙauye ya ga ruwa. Da na rubuta musu, amsar da suka ba ni ita ce raha suka yi, kuma doka ta halatta raha a ƙarƙashin abin da ake kira amfani na adalci, wanda Larabawa suke ce wa al-istikhdamul adil. Wannan amsa ce ta sa na zauna na bi diddigin maganar, domin na lura ta zama laya a bakin duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Ƙa'idar ta Amurka ce, tana sashe na 107 na dokarsu ta haƙƙin mallaka ta 1976, kuma ba izini ba ce da ake bai wa mutum tun kafin ya taɓa kayan wani. Kariya ce da wanda aka kai ƙara yake gabatarwa, alƙali ya auna manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauka, da yawan abin da aka ɗiba, da illar da hakan ya yi wa kasuwar mai aikin. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye wa masu shafin ba ita ce neman kuɗi shi kaɗai bai rushe hujjarsu ba. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka a 1994, a shari'ar mawaƙan 2 Live Crew da suka kwaikwayi wata tsohuwar waƙa don yi mata ba'a, suka kuma sayar da tasu a kasuwa.

Amma a wannan hukunci ne kotun ta raba abu biyu da masu shafin suke cuɗawa. Wanda yake yi wa aikin wani ba'a dole ne ya ɗauko wani abu daga cikinsa, in ba haka ba mai kallo ba zai gane abin da ake zolaya ba. Wanda kuwa yake son ya yi wa mutane ko halin zamani zambo, ba lallai ne ya ɗauki aikin kowa ba, yana iya ƙirƙiro nasa, don haka sai ya kawo dalilin da ya sa ya ari na wani. Shari'o'i biyu na hotuna sun fito da wannan bambanci sarai. A 1998 kamfanin fina-finai na Paramount ya yi nasara a kan mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz, wadda ta ɗauki wata 'yar fim tana da juna biyu don bangon mujallar Vanity Fair a 1991. Kotu ta ga cewa tallar da kamfanin ya yi tana zolayar shi kansa hoton ne da irin girman da aka ɗora masa, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne kamfanin bai kwafi hotonta ba, sabo ya sa aka ɗauka da wata mata, aka ɗora fuskar namiji a kai. Kafin nan, a 1992, mai sassaƙa Jeff Koons ya sha kaye a hannun Art Rogers, wanda ya ɗauki hoton miji da mata riƙe da 'yan kwikwiyo, hoton da Koons ya kwaikwaya a sassaƙarsa. Koons ya ce yana sukar son abin duniya ne da ya cika al'umma, kotu ta ce to me ya haɗa sukar da hoton Rogers?

Tambayar da nake yi wa masu shafin ke nan. Ba su ce komai a kan hotona ba, ba su zolayi haskensa ko tsarinsa ba. Sun ɗauke shi ɗungurungum, sun maƙala masa kalmomi huɗu, abin dariyar kuma shi ne dattijon. Jarin da suka sa bai wuce minti biyu ba, masu kallon da ya kamata su zo wurina suka tafi wurinsu. Hukuncin 2023 a shari'ar gidauniyar mai zane Andy Warhol da mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith, inda alƙalai 7 cikin 9 suka goyi bayan mai hoton, ya ƙara nuna cewa idan kasuwanci ne, ɗan sabon ma'ana da aka ɗora a kan hoton wani ba ya wadatarwa.

Akwai inda kotu ta bar a soki mutum da hotonsa. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta wanke wata mata da ta riƙa sa wani mummunan hoton attajiri Raanan Katz a rubuce-rubucen da take sukar harkokinsa, bayan shi ya mallaki haƙƙin hoton don ya rufe mata baki. Ina ganin hukuncin daidai ne. Sai dai ita ba kuɗi take samu ba, kuma mai ƙarfi take suka. Baba manomi ne da ya yi shekaru yana tara kuɗin Umra, babu wata harka tasa da jama'a suke bukatar a tona.

Duk wannan ma a Amurka ke nan. Dokar haƙƙin mallaka da Saudiyya ta kafa a 2003 ba ta bar wa alƙali irin waccan ƙofa a buɗe ba. Ta lissafa abubuwan da aka yafe, kamar kwafi don amfanin kai, da koyarwa, da kafa hujja da wani yanki tare da ambaton mai aikin, kuma ba'a don kuɗin talla ba ta cikinsu. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya cutar da shi ta waɗannan kafafe. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, mai hedikwata a nan Jidda, ta yanke tun 1988 cewa haƙƙin mawallafi da mai ƙirƙira abu ne da Shari'a ta kare.

Abin da ya fi ci mini rai bai shafi haƙƙina ba. Mu ba baƙin wasa ba ne, muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, amma a kowanne wanda ake tsokana yana nan a zaune, yana da bakin ramawa, kuma babu na ukun da yake karɓar kuɗi a gefe. Baba bai san shafin ba, ba ya karatun boko, bai ji abin da dubban mutane suka rubuta a ƙarƙashin fuskarsa ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, shi kuwa mutumin da suke wa dariya ambaton Allah yake yi.

Na aika ƙorafi ga kamfanin da ke ɗauke da shafin, aka cire hoton bayan kwana tara. Kafin nan ya riga ya shiga WhatsApp, har ya isa garinsu Baba. Abokina ya kira ni da dare ya roƙe ni in cire na asalin ma daga shafina, na cire. Na wanke shi a takarda babba, na ba wani mai komawa gida ya kai wa jikokin.