Magungunan ciwon jijiya: yadda ake fara su, yadda ake ƙara su, da abin da ke sa marasa lafiya su watsar

Mai ciwon jijiya ba ya rasa yadda zai kwatanta abin da yake ji. Wani ya ce tafin ƙafarsa na zafi kamar an shafa masa barkono, wani ya ce tsira yake ji kamar ta allura, wata ta ce abu ne ke fizgarta daga ƙugu har zuwa yatsun ƙafa. Da yawa dare ne lokacin azabarsu, har mayafi ma idan ya taɓa ƙafar sai ya zama ciwo. A wajenmu ciwon suga ne kan gaba wajen haddasa wannan. Bayansa akwai ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a gefe guda na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke dawowa da su bayan shekaru, sai matsewar jijiya a gadon baya, da kuturta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙarancin bitamin B12, da wasu magunguna irin su isoniazid na tarin fuka.

Farasitamol da diclofenac da ibuprofen ba su cika taɓuka komai a wannan ciwo ba, domin ba kumburi ne tushensa ba, jijiyar ce da kanta ta lalace take aika saƙon ciwo babu dalili. Mai ciwon suga da ya shafe watanni yana shan diclofenac saboda zafin ƙafa, ƙodarsa da cikinsa yake ci, zafin kuma yana nan.

Magunguna huɗu ne likitoci ke farawa da su: amitriptyline, da gabapentin, da pregabalin, da duloxetine. Biyu asalinsu na ciwon damuwa ne, biyu na farfaɗiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa wani ya jefar da ƙwayoyin bayan ya karanta takardar cikin kwali, yana cewa an mayar da shi mai taɓin hankali. Ba haka ba ne. Aikinsu a nan shi ne kwantar da jijiyar da ta firgita, kuma amitriptyline ɗin da ake bayarwa don ciwon jijiya bai kai yawan wanda ake bayarwa don damuwa ba.

Kafin a shiga lissafin miligiram, akwai maganar da ya kamata a faɗa wa kowane mara lafiya tun ranar farko, amma ba kasafai ake faɗa ba. Waɗannan magunguna ba sa aiki a ranar da aka sha su, kuma ba sa yi wa kowa aiki. Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2017 kan gabapentin ya nuna cewa cikin mutum 10 masu ciwon jijiya na suga ko na bayan ƙuraje, 3 zuwa 4 ne ciwonsu ke raguwa da rabi, alhali 1 zuwa 2 cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sun ce sun samu sauƙi. Kimanin 6 cikin 10 kuma sun gamu da wata illa, galibi jiri ko barci. Saboda haka abin da ake nema shi ne ciwon ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko da rabi, mutum ya samu barci, ya iya zuwa gona ko kasuwa. Illolin su ne ke fara zuwa a makon farko, amfanin sai daga baya. Da yawa daga cikin waɗanda suka ce magani bai karɓe su ba, a wannan tsakanin suka daina.

Amitriptyline shi ne mafi araha kuma mafi samuwa. Ana farawa da miligiram 10 da dare, ana ƙara 10 zuwa 25 duk bayan kwana 3 zuwa 7 gwargwadon yadda jiki ya ɗauka, kuma ba a cika wuce 75 ba don ciwon jijiya. Matsalar ita ce ƙwayar 25 ce ta fi yawa a kemis, sai a miƙa wa tsohuwa 'yar shekara 70 ita gaba ɗaya, ta wayi gari kai ya yi nauyi, ta kasa tashi Asuba, ta rantse ba ta sake sha. Da an tambayi mai harhaɗa magani ko za a iya raba ƙwayar biyu, da wataƙila ta zauna a kansa. Lokacin sha ma yana da tasiri. Wanda ya sha ƙarfe 11 na dare zai kai hantsi yana magagi. Wanda ya sha bayan Magariba ko da Isha, nauyin yakan sake shi kafin gari ya waye.

Bushewar baki ita ce ƙorafin da aka fi ji, sai taurin bayan gida. Ga bushewar baki, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a kula da haƙora, kada mai suga ya koma tsotsar alewa. Ga bayan gida, ganye da wake da ruwa. Jiri idan an miƙe tsaye yana zuwa ne saboda jini na sauka, don haka a zauna a bakin gado minti ɗaya kafin a tashi, musamman tashin fitsarin dare, wanda shi ne ke kayar da tsofaffi. Akwai kuma waɗanda bai dace da su ba sam ko sai da taka-tsantsan: wanda ya yi bugun zuciya kwanan nan ko zuciyarsa ke bugawa ba daidai ba, mai hawan jinin ido, da dattijon da dama fitsari ke yi masa gardama saboda kumburin furostet, domin yana iya toshe shi gaba ɗaya. A ɓoye shi daga yara sosai. Ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro.

Gabapentin yana da nasa hali. Abin da aka rubuta a littafi shi ne miligiram 300 ranar farko, 300 sau biyu rana ta biyu, 300 sau uku rana ta uku. A aikace wannan saurin yana jigata mutane da yawa, shi ya sa likitoci kan fara tsofaffi da 100 da dare, su riƙa ƙarawa duk bayan 'yan kwanaki. Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna amfaninsa an yi su ne da miligiram 1200 zuwa 3600 a rana. Ma'ana, wanda aka bari a kan kafso ɗaya na 300 da dare har wata uku, ya ce bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, amma ba a gwada maganin ba tukuna. Hanji kuma yana da iyakar abin da zai iya tsotsa a lokaci guda, idan an ƙara yawa kason da ke shiga jini raguwa yake yi. Wannan ne dalilin raba shi sau uku, kuma haɗa na yini duka a sha lokaci ɗaya asara ce. Kada tazarar ta wuce awa 12. Mai shan farin ruwan maganin olsa mai sinadarin magnesium ko aluminium ya bar awa 2 kafin ya sha gabapentin, don yana rage shigarsa.

Pregabalin ɗan'uwansa ne, wanda mutane suka fi sani da sunan Lyrica. Sau biyu ake shan sa a rana. An saba farawa da 75 safe da dare, a kai 150 sau biyu bayan kwana 3 zuwa 7, iyaka 600 a rana. Wanda bai da ƙarfi ko ya manyanta gara a fara shi da 25 ko 50 da dare. Daga 300 zuwa 600 ƙarin sauƙin da ake samu sau da yawa kaɗan ne, jirin kuwa ƙaruwa yake yi sosai.

Illolin waɗannan biyun iri ɗaya ne: jiri, barci, tangaɗi, gani dishi-dishi, mantuwa, ƙiba, da kumburin ƙafa. Jirin yakan ragu bayan mako ɗaya ko biyu. Ƙibar da kumburin ba sa tafiya da kansu, kuma ga mai suga ƙarin kilo 4 ko 5 ba ƙaramin abu ba ne. Direba da ɗan acaɓa da mai Keke Napep da mai aiki da inji su dakata da aiki a kwanakin farko da duk lokacin da aka ƙara musu, har sai sun ga yadda jikinsu ya ɗauka.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne ƙoda. Gabapentin da pregabalin ta fitsari suke fita yadda suka shiga, kuma wanda suga ya daɗe a jikinsa har ya taɓa jijiya, sau da yawa ya taɓa ƙoda ma. Idan ƙoda ta yi rauni maganin taruwa yake yi, sai a ga dattijo ya rikice, yana barci ba ji ba gani, hannu na fizga, 'yan'uwa su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko aljanu. Gwajin jini na aikin ƙoda kafin a fara ba almubazzaranci ba ne, shi ne ke nuna ko za a rage yawan maganin da rabi ko fiye.

Sai batun haɗi. A Disambar 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa waɗannan biyun na iya danne numfashi idan aka haɗa su da magunguna masu bugarwa, ko ga tsofaffi da masu ciwon huhu. A wajenmu wannan yana nufin tramadol, da kodin, da diazepam, da giya. Birtaniya ta sa su cikin magungunan da doka ta tsaurara a Afrilun 2019 saboda yadda ake shan su don maye, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa pregabalin ya shiga hannun matasa a garuruwanmu. Wanda ya taɓa fama da shaye-shaye ya faɗa wa likita gaskiya, akwai wani zaɓin. Tramadol ɗin kuma idan ya haɗu da amitriptyline ko duloxetine yana iya kawo jijjiga, ko zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, wanda na gaggawa ne.

Duloxetine sau ɗaya ne a rana, 30 na mako guda sannan 60. Tashin zuciya ne ke korar mutane daga gare shi a makon farko, kuma shan sa bayan cin abinci yana ragewa. A haɗiye kafson yadda yake, kada a tauna. Ba na mai ciwon hanta ba ne, ko mai ƙodar da ta yi rauni sosai, ko wanda hawan jininsa ya ƙi sauka.

Ciwon jijiyar fuska, mai zuwa kamar wuta a muƙamuƙi ko kunci idan an tauna abu ko an wanke fuska, shi carbamazepine ne maganinsa na farko, daga 100 sau ɗaya ko biyu a rana a riƙa hawa. Ƙuraje a jiki, ko miki a baki, ko zazzaɓi a makonnin farko, a tafi asibiti a ranar. Yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da robar da ake sakawa a dantse, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki irin su dolutegravir. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa kafin a rubuta mata ko wanne daga cikin waɗannan magunguna.

Ga ciwon da ke sauka daga baya zuwa ƙafa kuwa, ana rubuta pregabalin da yawa, amma wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2017 ya nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, sai dai ƙarin jiri. Idan an sha na makonni babu canji, babu amfanin ci gaba da kashe kuɗi.

Tsawon gwaji na adalci shi ne mako 4 zuwa 8, har da aƙalla mako 2 a kan adadi mafi yawa da jiki ya iya ɗauka. Hanya mai sauƙi ita ce a samu takarda, kowane dare a ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, a rubuta awa nawa aka yi barci da abin da aka sha. Da wannan takardar likita zai san ko ya ƙara, ko ya canza, ko ya haɗa biyu. Rashin nasarar ɗaya ba ya nufin sauran ma ba za su yi ba.

Dainawa ma tana da ƙa'ida, kuma nan ne talauci ke shigowa. Mutum na kan pregabalin 300 a rana, kuɗi ya ƙare, ya yanke dare ɗaya. Kwana ɗaya ko biyu sai rashin barci, gumi, fargaba, tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci har jijjiga, ya tafi a yi masa maganin maleriya. Duloxetine ma haka, da jiri da wani fizga a cikin kai. Mafi ƙarancin lokacin saukowa mako guda ne ga gabapentin da pregabalin, wanda ya daɗe a kai kuwa makonni ko watanni yake buƙata. Saboda haka tun a ɗakin likita a yi maganar kuɗi ba kunya: nawa ne na wata, kuma za a iya ɗorewa? Amitriptyline da za a iya saye kullum ya fi pregabalin da za a sha kwana goma a rasa. Idan an manta shan ƙwaya har lokacin ta gaba ya kusa, a bar wadda ta wuce, kada a ninka.

Azumi yana buƙatar shiri tun cikin Sha'aban. Amitriptyline da duloxetine ba su da wahala tunda sau ɗaya ne, sai dai bushewar bakin amitriptyline na tsananta da rana. Pregabalin yana shiga sahur da buɗa-baki. Gabapentin mai sau uku shi ne mai wuya, domin yinin azumi ya fi awa 12, kuma cusa kashi uku tsakanin Magariba da Asuba yana kawo jiri mai yawa. Likita na iya sauya tsarin ko maganin, amma yana buƙatar makonni kafin watan ya kama.

Duk waɗannan magunguna ciwo suke ragewa, ba sa gyara jijiyar kuma ba sa dawo da jin da ƙafa ta rasa. Don haka neman tushen yana tafiya tare da su: daidaita suga, duba B12 ga wanda ya shekara da shekaru a kan maganin suga na metformin, da bitamin B6 ga mai shan isoniazid. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, ya zazzage takalmi kafin ya saka, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. A lokacin hunturu ya gwada ruwan alwala da gwiwar hannu kafin ya zuba a ƙafa, kuma kada ya miƙa ƙafafunsa kusa da kaskon garwashi, domin ƙafar da ta sage tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba sai ya ga bororo. Duk miki a ƙafar mai suga, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu.